Ƙudan Zuma a Kan Toka

Sufeto Gordon Meech bai kai ga kurɓar shayinsa na safe ba wayar ofis ta yi ƙara. Saje Nicola Tizzard ce, kuma ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yallaɓai, oga ya ce kai za ka karɓi maganar gobarar dajin Ashmoor. Fiye da rabin dajin ya tafi jiya. Mun kama mutum ɗaya."

"Wa ke nan?"

"Len Budden, tsohon nan mai shanu."

"Ƙarfe nawa aka kama shi?"

"Huɗu na yamma. Oga yana so a rubuta masa caji kafin huɗun yau."

Meech ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Awa ashirin da huɗu doka ta ba su, ko su tuhumi mutum ko su buɗe masa ƙofa ya tafi gida. Saura awa takwas. Ya ture kofin gefe ya ɗauki makullin mota.

Sati bakwai ke nan ba a ga ɗigon ruwa a wannan yanki na Dorset ba. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna tsine wa ruwan sama sun koma leƙen gajimare ta taga. Kwalta na narkewa a titi, barci ya gagara, duk wanda ka taɓa sai ya taso maka. Meech kansa kwana uku ke nan yana faɗa da fankar ofis.

A cikin mota Tizzard ta karanto masa abin da suke da shi.

"A taron ƙauye na watan jiya ya miƙe gaban mutum sittin ya ce dajin nan ba abin da yake buƙata sai ashana. An ga motarsa a ƙofar gabas lokacin da hayaƙi ya tashi. Ga jarkar fetur a bayan motar, ga hannuwansa duk ƙuna. Shi kuma ya ce bai taka dajin ba jiya, wai a murhu ya ƙone."

"A murhu. Cikin wannan zafin."

"Haka ya ce, yallaɓai. Ƙarya ce tsagwaronta."

"Ƙarya ce kam," in ji Meech. "Amma me yake rufewa da ita?"

Ya san abin da cajin zai jawo. Budden ya ba shekara sittin da takwas baya, ba mata ba ɗa, sai shanu ashirin da shida da takardar izinin kiwo da ya gada daga ubansa. Ranar da aka rubuta masa caji, a ranar kwamitin daji zai soke takardar, shanun su hau mota zuwa kasuwa, shi kuma ya zauna jiran alƙali. Abin da ya hana Meech sakat shi ne a gefen dajin nan ya tashi. Ya san irin su Budden suna sa wa daji wuta, amma a watan Fabrairu, lokacin da ƙasa ke jiƙe, tsuntsu bai yi ƙwai ba, maciji na kwance a rami. Bai taɓa jin makiyayin da ya ƙyasta ashana a watan Agusta ba.

Tun daga nesa ƙaurin ya tarye su.

A irin wannan lokaci dajin Ashmoor yakan rufe ruf da furen heda, gajeriyar ciyawar nan mai kalar shunayya, iya ganinka. Yau baƙi ne ƙirin har gindin tudu, sai 'yan wurare da ƙasa ke fitar da hayaƙi siriri. Meech ya tsaya riƙe da ƙofar mota, zuciyarsa ta ɓaci. A nan ya koyi hawan keke.

Mutum kusan ashirin sun yi layi cikin tokar, kowa da bokiti, suna tafiya a sunkuye. 'Yan sa-kai ne na ƙauye, suna tsintar abin da ya yi saura da rai. Ƙadangaren da ya tsira a rami, in ya fito kan baƙar ƙasa ba wurin ɓuya, hankaka ne zai karya da shi. Abin da suke tsallakewa ya fi abin da suke ɗauka yawa: macizai a nannaɗe sun ƙafe, bushiya, 'ya'yan zomo, har da wata barewa da ta maƙale a waya.

Wata dattijuwa ta bar layin ta nufo su. Doguwa ce, ta sa hular kaba, riga mai dogon hannu a ɓalle har wuyan hannu, ga safar hannu ta aikin lambu.

"Misis Audrey Kellaway," Tizzard ta raɗa masa. "Shugabar kwamitin daji. Ita ta kira 'yan kwana-kwana, ita ta ga motar."

"Sannu da aiki, Misis Kellaway. Ƙarfe nawa kika kira?"

"Biyu saura kwata, Sufeto. Ina wanke kofuna na hango hayaƙi ta tagar kicin, wajen ƙofar gabas. Da na duba da kyau sai ga motar Len a tsaye."

"Kin gan shi da kansa?"

"Motar na gani." Ta karkato masa bokitin. Ƙadangaru biyar ne a kan jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya kore shar, wutsiyarsa ta ƙone. "Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga waɗannan. Na san ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Ka ga can, kusa da kututturen? Yautai ce ta yi ƙwai a wurin, a ƙasa, kamar yadda suka saba. Tun daga Afirka take tasowa duk shekara ta sauka daidai wurin. 'Ya'yanta biyu, ba su yi fiffike ba tukuna."

Muryarta ta karye. Meech ya kawar da kai, don ba ya iya kallon kukan manya.

Ana cikin haka sai ga ƙudan zuma ɗaya yana shawagi a kansu. Matar da ke kusa ta yar da bokiti tana kaɗa hula, Tizzard ma ta ja da baya. Ƙudan ya sauka a safar hannun Misis Kellaway. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗaga hannun zuwa bakinta ta hure shi a hankali, ya tashi, ta ci gaba da maganarta.

"Ba ta jin zafin rigar nan ne?" Meech ya ji yana tambayar kansa, don shi da ke cikin mai gajeren hannu gumi har cikin takalmi. Ya yi mata godiya suka wuce.

Hansford, shugaban 'yan kwana-kwana, suka samu zaune a kan matakin motarsa yana cin burodi da cuku, fuskarsa baƙa da toka.

"In ƙofar gabas kuka zo dubawa, kun yi asarar man mota," in ji shi. "Can aka tura mu jiya, muka je muka tarar da jelar wuta. Kanta yana yamma. Kafin mu zagayo iska ta gama da mu. Ku zo ku gani."

Ya kai su wani ɗan kwari a yammacin dajin, bayan wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Meech ya juya kwaɗon a hannunsa. Lafiyarsa lau, ba wanda ya taɓa shi da ƙarfi.

"Wa ke da makulli?"

"Mu, sai 'yan kwamiti su bakwai."

A tsakiyar kwarin akwai rami, zurfinsa ya kai gwiwa, gefensa ya ci ya zama farar toka. Hansford ya soka sanda a ciki.

"Daga nan ta taso. Ba fetur, ko ƙamshinsa. Ka san ƙasar nan ruɓaɓɓen ganye ce zalla, in ta bushe haka ci take kamar gawayi. Wannan ramin ba aikin jiya ba ne. Wuta ta yi kwana biyu ko uku tana cin ƙasa ta ciki ba mai gani, jiya da rana iska ta buɗe mata ido."

"Wato wanda ya kawo ta, Asabar ko Lahadi ya zo."

"Haka nake gani. Kuma bari in gaya maka abin da ke ci mini rai. Lokacin da ta fara fitowa ba ta fi faɗin ɗakin nan naka na ofis ba. Da wani ya kira mu a lokacin, ya ce mana yamma, mota ɗaya ta isa."

Meech ya ɗan matsa gaba. Taku goma daga ramin akwai bulo huɗu a jere, bibbiyu, an daidaita su da kyau kamar an ɗora wani abu a kai. A kan biyu daga ciki wani baƙin abu ya dunƙule yana motsi. Ya sunkuya ya duba. Ƙudan zuma ne, ɗaruruwa, sun cure a kan bulon, wasu na ta zagaye a sama suna sauka suna tashi.

"Me zuma ke nema a kan toka?" in ji Tizzard daga can baya, inda ta tsaya ba ta da niyyar ƙarasowa. "Ko fure ɗaya babu."

Kafin Meech ya buɗe baki ɗaya ya ba shi amsa a ƙeya. Ya miƙe zumbur yana dafe da wuya, ya faɗi wata kalma da ba a rubutawa a rahoto. Hansford ya yi dariya har burodi ya sarƙe shi.

Sha biyu ta wuce lokacin da aka shigo da Len Budden ɗakin tambayoyi. Gajere ne kakkaura, hannuwansa naɗe da bandeji, ya zauna yana hararar rikoda kamar ita ta kama shi.

"Mista Budden, ina kake jiya da ƙarfe biyu?"

"Na faɗa wa yarinyar nan. Gida."

"Saje ce."

"To, na faɗa wa Saje. Gida."

"Murhun gidanka yana da waya mai ƙaya ne? Likita ya ce ban da ƙuna, tafin hannunka duk yanka ne."

Budden ya mayar da hararsa kan rikoda.

"An tsinci saniya da ɗan maraƙi a ƙone a sashen arewa," in ji Meech. "Alamar kunnensu taka ce. Sashen arewa a rufe yake har Satumba saboda tsuntsaye. Me ya kai shanunka can?"

Tsohon ya dubi bandejinsa. Da ya yi magana, muryar ta sauka.

"Yunwa. Ka ga filina? Ƙasa ce tsura. Abincin hunturu na fara ba su tun Yuli. Sai na buɗe musu arewa, na ce kwana goma kawai, ba mai sani. Jiya ina gyaran famfo na hango hayaƙi, na figi mota, na tsaya a ƙofar gabas don ta fi kusa. Na tsinke waya na koro su. Ashirin da huɗu na fitar." Ya girgiza kai. "Ita waccan ɗanta ne ya ƙi tashi, ita kuma ta ƙi barinsa."

"Me ya hana ka faɗi haka tun jiya?"

"In faɗa, su Audrey su karɓe takardata? Shekara biyar suna neman hanya. In na ce na shiga, na rasa shanu. In na yi shiru, na rasa shanu. Sai na zaɓi wadda ba sai na yi magana ba."

"Fetur ɗin fa? Da maganar ashana a taro?"

"Fetur na injin famfo ne. Maganar ashana kuwa na faɗa, gobe ma in an tara su zan maimaita. Shekara goma sha biyar sun hana ƙona dajin nan da sanyi, ciyawa ta tsufa ta kai ƙugu, me suke jira? Amma a Agusta? Ni mahaukaci ne?" Ya tsaya ya ƙura wa Meech ido. "Kai kuma me ya same ka kake ta sosa ƙeya kamar kare mai ƙuma?"

"Zuma ce ta harbe ni. A kwarin yamma, kan wasu bulo."

"A kan bulo? Da yawa?"

"Sun fi ɗari biyar."

Budden ya jingina da kujera. Wani abu ya gifta a fuskarsa wanda Meech bai so ba.

"An kawo amya wurin ke nan, an kuma ɗauke ta," in ji tsohon a hankali. "Masu zuma na kawo akwatunansu daji in heda ta yi fure, zumar ta fi kowace daɗi. Bana kwamiti ya hana saboda gwangwanin hayaƙin da suke kwantar da ƙudan da shi, takardar na nan manne a kowace ƙofa. Kuma wanda ya ɗauke ta bai yi nisa da ita ba."

"Ta yaya ka sani?"

"Kowane yaro a nan ya sani, kai ne birni ya lalata. In za ka matsar da amya, ko dai kada ka wuce taku uku, ko ka wuce mil uku. In ka ajiye ta a tsakani, ƙudan sun san hanya, tsohon wurinsu za su koma. Su taru a nan suna jiran gidan da babu shi har su mutu."

"Wa ke kai zuma wannan kwarin?"

"Mutum ɗaya na sani. Ni na ɗauki kan akwatin gawarsa a watan Maris."

"Sunansa?"

"Je ka maƙabarta ka karanta, ai an rubuta. Ni ba na kai ƙarar maƙwabci."

A waje Tizzard ta riga ta fito da wayarta. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗago.

"Ronald Kellaway, yallaɓai. Ya rasu sha ɗaya ga Maris. Shekara arba'in yana cin kyautar zuma a bikin ƙauye."

Wayar Meech ta yi ƙara a aljihu. Oga ne, yana so ya ji dalilin da har yanzu takardar caji ba ta iso teburinsa ba, ga 'yan jarida a bakin ƙofa, ga mutanen ƙauye sun fasa wa Budden gilashin mota. Meech ya ce masa a ba shi awa biyu. Oga ya ce ɗaya da rabi, ya kashe.

Gidan Misis Kellaway shi ne na ƙarshe a layin coci. Meech ya sa Tizzard ta duba awon mota tun daga ƙofar yamma: mil ɗaya da rabi. Zafin rana ya sa an sallami 'yan sa-kai, Meech da Tizzard suka same ta a gareji tana yayyafa wa bokitan ƙadangaru ruwa. Ta shigar da su kicin ta ɗora buta, don a ƙauyen nan ko da sammaci ka zo sai an ba ka shayi.

"Mijinki yana kiwon zuma, ko?"

"Yana yi, kafin ya rasu. Amyoyin na gonar ɗan'uwansa, mil goma daga nan. Ni ban iya ba."

"Suna can har yanzu?"

"Suna can."

Meech ya tashi ya je wurin wanke-wanke, ya tsaya daidai inda mai wanke kofuna zai tsaya. Ya fi ta tsawo, amma duk da haka abin da ke gabansa shingen itatuwa ne mai tsayi, sai rufin coci a bayansa. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama.

"Nan ne tagar da kika hango ƙofar gabas?"

Butar ta fara kuka.

"Ni dai ban ga daji ba, Misis Kellaway, bare mota. Abin da nake gani shi ne wancan koren tamfol ɗin a ƙarshen lambu. Saje, buɗe mana tagar."

Tizzard ta tura gilashin. Tare da zafin wata ƙara ta shigo, ƙasa-ƙasa, ba ta yankewa. A bakin tamfol ɗin 'yan ƙudaje na fita ɗaya-ɗaya, suna yin sama, duk suna miƙawa yamma.

"Ki naɗe mini hannun rigarki, don Allah."

Ta dube shi, ta dubi butar, ta kashe wutar. Sannan ta cire safar hannun ta ɓalle maɓallan. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk a kumbure yake, ja wur, harbi ya fi talatin. Tizzard ta ja numfashi ta karanta mata gargaɗin doka, cewa duk abin da ta faɗa ana iya kai shi gaban alƙali. Misis Kellaway ta gyaɗa kai ta ja kujera ta zauna.

"Ron bai taɓa tsallake shekara ba," in ji ta. "Shekara arba'in, satin farko na Agusta, wannan kwarin. A asibiti ya ce mini, Audrey, kada ki bar su su rasa heda. Na ce to. Sai ga fari, sai ga ni da hannuna na sa hannu a takardar hani. Na ce amya biyu ce kawai, sati uku, kuma wa ya fi ni sanin dajin nan? Ranar Asabar da sassafe na kai su."

"Wutar fa?"

"Lahadi na koma duba su. Na hura gwangwanin hayaƙi kamar yadda yake yi. Shi in ya gama, sai ya tsinko ɗanyar ciyawa ya toshe bakin gwangwanin, wutar ta mutu a ciki. Sau dubu na ga ya yi. Na sunkuya in tsinko, babu. Na zagaye kwarin nan kaf, ko tsinke ɗaya kore babu. Gwangwanin ya yi zafi, na ji tsoron sa shi a mota. Sai na tona rami da diddige na juye garwashin, na rufe, na tattake. Na ce na binne ta."

"A wannan ƙasar."

"A wannan ƙasar. Ni da nake tara yaran makaranta ina gaya musu ƙasar nan tana cin wuta."

Meech ya ji tausayinta, ya kuma ji haushin kansa da ya ji. Ya tuna bandejin Budden.

"Jiya fa?"

"Na kai musu ruwa wajen ƙarfe ɗaya. Na tarar hayaƙi na fita daga ƙasa, ciyawa ta fara kamawa. Ba ta fi tabarmar ƙofa biyu ba. Wayata na aljihu." Ta dafa aljihun kamar wayar na nan har yanzu. "Na ce in na kira, za su zo su ga amyoyin. Na ce bari in kwashe su tukuna, minti biyar ne. Ba rigar kariya, ba komai, na ɗora su a baro ɗaya bayan ɗaya na kai mota. Da na waiwaya, wutar ta fi ni tsawo."

"Ƙarfe ɗaya kika gani. Biyu saura kwata kika kira."

"E."

"Kika ce musu gabas."

"Don kada su bi ta kwarin. A hanyar dawowa na ga motar Len a ƙofar gabas, da suka tambaye ni ko na ga wani, sai na faɗa. Gaskiya ne na gan ta, Sufeto. Ban taɓa cewa shi ya sa wutar ba."

"Ba ki ce ba shi ba ne kuma. Ya kwana a sel, ke kin kwana a gadonki."

"Ban kwanta ba," in ji ta. Meech bai sassauta ba, don wannan ba ta rage wa Budden ko minti ɗaya ba.

Ta roƙi a bar ta ta kira wata 'yar kwamiti ta zo ta ɗauki bokitan, kada ƙadangarun su mutu a gareji. Ya bar ta. Ta ɗauki jakarta, ta kulle ƙofar gida, Tizzard ta riƙe ta a kafaɗa saboda hannun ba ya taɓuwa, ta sa ta a bayan mota.

Huɗu saura kwata suka shiga ofis. Meech ya aika wa oga saƙo na layi biyu, ya wuce kanta ya sa hannu a takardar sakin Budden. Maganar shanu a sashen arewa ya rubuta ta yadda take, ya ƙara da cewa mutumin ya shiga wuta da hannu tsura ya fitar da dabba ashirin da huɗu. Kwamitin da zai karanta ma yanzu ba shi da shugaba.

Ana miƙa wa Budden bel ɗinsa da igiyar takalmi aka shigo da ita. Suka haɗu a gaban kanta, ba hanyar kaucewa. Ya dubi kumburarrun hannuwanta, ta dubi bandejinsa.

"Len," in ji ta.

"Tankin ruwa na bayan motata tun Yuli, Audrey. Kin sani, kullum kina ganina da shi. Minti biyar ne daga gidana zuwa kwarin. Da ni kika kira, da mun kashe ta mu biyu, ba wanda zai ji."

Misis Kellaway ta sunkuyar da kai. Tizzard ta taɓa ta, suka nufi hanyar sel. Sun yi taku uku Budden ya yi gyaran murya.

"Ina kika ajiye su?"

"Bayan gida. Ƙarƙashin tamfol."

"Mil ɗaya da rabi," in ji shi, yana girgiza kai. "Da Ron ya ji wannan, da ya tashi daga kabari." Ya juya wurin Meech. "Sufeto, ka karɓo mini makullin lambunta. In ba a kai su gonar ɗan'uwansa yau ba, kafin Lahadi duk sun ƙare a kan bulon can."

"Da waɗannan hannuwan za ka ɗauki amya?"

"Kai za ka ɗauka. Ai sun riga sun san ka."

Misis Kellaway ta zaro makullin daga jakarta ta ajiye a kan kanta. Ta ce, "Na gode, Len."

Budden ya tura makullin gaban Meech da bayan hannu, bai dube ta ba.

"Ba don ke ba ne," in ji shi. "Su ma dabbobi ne, kuma abin da ya mutu a dajin nan ya isa haka."